Ɗan Kamasho da Fadamar Maharbi

Zauna, Nomau, ka sha ruwa. Tun shigowarka bakinka bai huta ba a kan maƙwabcin nan naka da shagonsa. Bari in ba ka misalin wasu mutum biyu, sai ka auna da kanka.

A wani ƙauye da ke gindin duwatsu, baƙi kan zo daga birni kallon daji. Mota ba ta shiga, sai dai a taka sayyada, saboda haka dole a nemi ɗan jagora. Masu wannan sana'a su biyu ne a garin. Ɗaya tsohon maharbi ne da ya rataye bindiga, ba shi da yawan magana. Shi ta fadama yake bi da mutane, tafiyar rabin yini cikin gamba wadda ta fi mutum tsawo, har su kai inda ruwa ke zubowa daga kan dutse. A hanya yakan durƙusa ya nuna musu sawun gwanki, ko ya ce a yi tsit a ji motsin ɓauna. Naman kansa kuwa ba kasafai ake ganinsa ba, ciyawa ta rufe shi. Ɗayan tsohon ɗan kamasho ne daga tasha, ga baki kamar gidan rediyo, amma dajin bai sani ba sai hanya ɗaya, wadda ke hawa tudu. Daga can ana hangen ƙasa har iyakar gani, jifa-jifa a ga barewa, ga birai a kan duwatsu. Kai, abincinsa yana samu! Sai dai in ya dawo da baƙi huɗu ya tarar maharbi ya dawo da shida, tuwon ranar ba ya wuce masa wuya. Ya zauna a bakin kasuwa yana ƙwafa, yana cewa, “Me tsohon nan ke nuna musu? Kashin dabba?” Abin na cinsa har ya rame, wallahi.

To, bayan kaka, ciyawa ta bushe amma ƙasar fadama da sauran danshinta, sai ɗan kamashon ya ɗaura niyyar kashe wa maharbi kasuwa gaba ɗaya. Ranar wata Juma'a, mutane na masallaci, ya zagaya da ashana ya cinna wa gambar wuta. Ta ci kwana biyu. Fadamar ta koma baƙi ƙirin, ba abin da ke tashi sai toka. Mako guda cur maharbi bai sami ko baƙo ɗaya ba, duk suka koma tudu, gogan naka har da sabuwar hula. Aka je yi wa tsohon jaje, ya ce Allah ya sa haka shi ne mafi alheri, ya ci gaba da gyaran takalminsa. Ka ga, abin da ɗan tasha bai sani ba, yaron maharba ma ya san shi: in aka ƙone ciyawa da sauran danshi a ƙasa, ba a yin kwana goma sha biyar sai ta tofo. Ai kuwa ta tofo, ɗanya shar, a lokacin da ko'ina a dajin ya bushe ƙayau. Gwanki ya sauko garke guda, ɓauna ta fito, zabin daji ba a magana. Gambar da ke ɓoye su kuma babu ita, sai ka tsaya a kan falalen dutse ka ƙirga su kamar tumaki a bayan gari. Hatta 'yan barewar da ke tudun ɗan kamasho suka bi ɗanyar ciyawa suka gangara, aka bar shi da birai da zafin rana. Baƙon da ya hau tudu ya dawo da gumi kawai, gobe ba ya sake binsa. Ƙarshenta dai, mutumin nan da kansa ya je ya durƙusa gaban maharbi yana roƙon a riƙa ba shi ɗaukar jakunkunan baƙi. Tsohon bai tone shi ba, ko da yake tun ranar farko ya ga sawun takalminsa a danshin bakin fadamar. Ya miƙa masa gorar ruwa ya ce, “Bi bayana, kada ka yi surutu.”

Saboda haka, Nomau, ka mayar da ashanarka aljihu, ka je ka share ƙofar shagonka. Ba banza Hausawa suka ce hassada ga mai rabo taki ce ba.