Sanyin Hannun Halliru

Safiyar da za a gwada Halliru, matarsa Muhsinat ta tashi da mita. Ta juya katin maganinta na hawan jini, ta ga gurbin ƙwayar yau wayam, ta ce tsufa ya fara sallama, har ta sha ta manta. Halliru ya ɗaura takalmi, ya hau bas daga unguwarsu ta International City zuwa unguwar Karama, a birnin Larabawan da suke zaman aiki.

Ƙuruciyarsa kaf a jifan ƙwallon besbol ta ƙare, wasan da a garinsu Zariya sai ya kwatanta da hannu ake ganewa. Yanzu yara yake koya wa a wani kulob. Ƙungiyar tsofaffin 'yan wasa ta zaɓe shi cikin waɗanda za a rubuta sunansu a bangon girmamawa. Amma tun da aka kama wasu da allurar ƙarin kuzari, sai ta kafa sharaɗi: kowa sai ya zauna gaban na'urar gano ƙarya. Wanda ya faɗi kuma ba suna kaɗai zai rasa ba. Wane uba zai miƙa ɗansa ga koci mai tabo? Aiki ya tafi, biza ta bi bayansa.

Halliru dai ko goro ba ya ci ranar wasa. Matsalarsa guda ce, Allah ya yi shi da jikin marar gaskiya. Tun yana yaro, in nama ya ɓace a tukunya, wansa ke ci, shi ke gumi. Da ya ji sharaɗin, ya ce a kawo Alƙur'ani ya dafa. Aka ce wannan ba ya cikin tsari.

Mai gwajin wani Balarabe ne mai furfura. Ya zagaya masa igiya a ƙirji, ya maƙala wayoyi a yatsunsa.

“Shwaiya shwaiya, habibi. Saki jikinka.”

Ba sai an faɗa ba. Halliru ya jira faɗuwar gaban da ya saba, ba ta zo ba. Ba tsoro, ba fata, ba komai. Ji yake kamar jikin maƙwabci ya aro.

Aka tambayi sunansa, aka tambayi garinsu. Sannan Balaraben ya gyara tabarau.

“Ka taɓa shan wani magani, ko sau ɗaya, don ka yi nasara a harkar wasan nan?”

“A'a.”

Layin da ke kan allon ya ci gaba da tafiyarsa, ko gezau.

“Khalas, mabruk, ka tsallake,” in ji Balaraben. “Rabon da in ga zuciya a kwance haka, har na manta.”

A gida Muhsinat ta rangaɗa guɗa, ta kira Zariya, ta kira ƙawayenta. “Ban gaya maka ba, Malam? Addu'a ce! Kai da ko ɗan sanda ya gaishe ka sai ka jiƙa riga.” Ta kamo hannunsa, ta ce kai, wannan sanyi haka, ko na'urar sanyin bas ce?

Ya zauna a bakin gado yana jiran murna ta iso, ba ta iso ba. Duk tsawon rayuwarsa yana da amsa mai tsabta ga tambayar Balaraben nan. Yau da safe ya ɓata ta, a kicin, da rabin kofin ruwa da ƙwayar matarsa.