Mai Jiran Layi na Huɗu

A ƙa'idar ƙungiyar tseren nakasassu, duk ɗan tseren da ya kai ƙarshen layi sai ya tarar da mai rungumarsa, na farko ya zo ko na ƙarshe. 'Yan wasan masu raunin fahimta ne, wasunsu ma rungumar suke wa gudu, ba lambar yabo ba.

Layi na huɗu na Odile Brannigan ne, kansila a garin Ashford Falls. Shekara da shekaru ba ta yarda a canza mata wuri, don nan Wendell ke gudu. Ya haura arba'in, a gidan kula da nakasassu ya tashi, yana gudu kansa a karkace hagu. Duk watan Maris sai ta kawo masa kek na ranar haihuwarsa, ba wanda ya taɓa tambayar wa ya gaya mata ranar.

Filin tseren na hukumar gari ne, haya ƙungiyar ke yi. Da wa'adi ya cika sai wani kamfani ya kwaɗaitu da wurin, zai gina rumbun ajiye kaya. In ba a sabunta hayar ba, ƙungiyar ta watse ke nan, don ba wani fili a kusa. Marisol Tejeda, mai horar da su, ko a jikinta. Kansiloli sun rabu biyu, amma ai ƙuri'ar Odile a aljihu take.

Ranar zaman kansiloli zauren ya cika maƙil. Magatakarda ya karanto dogon sharaɗin nan da ba mai saurare, na cin hanci da dangantaka da sauransu, cewa wanda abin ya shafa ya fita, wanda ya zauna ya shaida ba ruwansa. Odile ta karkata kai hagu tana ji. Sai ta ɗauki jakarta ta fice.

Ƙuri'a ta yi kunnen doki, haya ta faɗi.

Kai, gari ya ɗauka! Aka ce kamfani ya saye ta, aka daina amsa gaisuwarta a coci. Marisol ta tare ta a bakin kanti.

"Mis Odile, zama kawai za ki yi ki ɗaga hannu. Zama kawai. Me suka ba ki?"

Odile ta kewaye ta ta wuce.

Ranar tseren ƙarshe ta zo ta tsaya a wurinta, masu runguma na kusa suka matsa gefe. Wendell ya zo na biyar, yana haki, ya faɗa jikinta.

"Mis Odile, sai Asabar ko?"

Ta ƙanƙame shi har alƙalin tsere ya taɓa kafaɗarta. Abin tausayi, shi kaɗai ne a filin bai san babu sauran Asabar ba.

Ta san da ta zauna a zauren, da ta cece su. Amma zama a kujerar nan shaida ce cewa ba ta da kowa a ƙungiyar, ita kuwa bakinta da jikinta sun ƙi maimaitawa. Ta riga ta faɗi hakan sau ɗaya, tana da shekara goma sha bakwai, a wani asibiti cikin watan Maris, ranar da ta haifi Wendell ta miƙa shi ga ma'aikaciyar jinya ta juyar da fuska bango.