Ƙamshin Ɗakin Maƙwabciyata

Na miƙa wa tsohon mai turare ɗankwalin da na aro wurin maƙwabciyata.

"Shinshina mini, Alhaji, hancina ya daɗe da mutuwa. Mai ɗankwalin bazawara ce, amma surukata ta ce ɗakinta sai ƙamshin turaren da maza ke shafawa bayan aski. Wa ke sayensa a Bagudo?"

Na riga na gaya wa rabin unguwa akwai namiji, suna kawai ya rage.

Ya shinshina, ya zaro kwalba biyu cikin waɗanda yake tarawa.

"Wagga ta yanzu ce, kafin azahar ƙamshin ya gudu. Wagga wayam take, tsohon haɗi ne na Benin, an daina yinsa tuni. Shi ne a ɗankwalin nan, kuma bai kwana ba."

"To wa ka sayar wa?"

Ya daɗe yana gyara murfi.

"Kwalba ta ƙarshe, marigayi mijinki."

Na ce wa matan unguwa turaren mata ne, su ƙyale baiwar Allah. Shekara sha ɗaya da rasuwar Malam, kuma ni da hannuna na juye ragowar turaren a likkafaninsa, har na girgiza kwalbar kada ɗigo ya rage.