Ma'aunin Zafi a Bakin Tasha

Seth maƙwabcinmu na unguwar Danau Kota, ɗan Jos da bai taɓa hawa ko kwalekwale ba, shi ne ya bi wata ɗaliba mai suna Ƙauna yawon jirgin ruwa da aka sassauta dokar korona. Suna sauka a wani ɗan garin masunta, ya amayar da karin kumallonsa a kan takalminta, masu shanyar kifi suna kallo.

Ranar Asabar za ta koma gida tunda ta gama karatu, shi kuwa maganar da ya zo da ita har yanzu bai faɗa mata ba.

Lokacin komawa jirgi, aka auna zafin goshinta ta wuce. Da aka zo kansa, na'ura ta yi ƙara. Ma'aikaci ya ja igiya, ya ce ya tsaya gefe.

Ta juyo. Idanunta kawai yake gani saman takunkumi.

"Ƙauna," ya ce a hankali, "kada ki tafi Asabar. Ki aure ni."

"Shekara uku muna hawa jirgin ƙasa ɗaya, sai yau? Zazzaɓi ne ke magana, Malam."

Jirgi ya yi busa. Ta dubi matakala, ta dubi takalminta. Sannan ta sunkuya ta ƙarƙashin igiyar, ta tsaya kusa da shi.

"Kada ka ji daɗi. Tausayin mara lafiya ne."

"Na gode," in ji Seth. "Amma na'urar nan ta fi ki ido. Kallo ɗaya ta yi mini ta gane akwai abin da ke cin raina."