Tauraron da Ya Tashi Uku

Gyara zama ka ji, ɗan'uwa, wannan ba a allo na karanto shi ba, kuma ko malaman birni sai sun zo wurina neman irinsa. An yi wani manomi, ƙato kamar ingarma, ga baki. Shi kaɗai uwarsa ta haifa, shi kuwa ya ɗauki abin ya mai da shi sarauta: ba ya zuwa gayyar kowa, ba ya kiran kowa tasa. Akwai wani tauraro mai haske da kan leƙo saman kukar bayan gidansa da an idar da magariba. Gogan naka ya raɗa masa suna Tilo, har da yanka zakara, wai na suna. In an ce ya zo gayya, sai ya nuna sama da haɓa, wai a dubi Tilo, wa ke taya shi haske? To ana nan, gara ta cinye jinkar ɗakinsa. Ya ɗaura sabuwa a ƙasa, ya baibaye ta tsaf, saura ɗorawa. Ya shige ƙarƙashinta ya yunƙura, jinka ta ce ba ta san zancen ba. In ya ɗaga gabas, yamma ta zauna. Kwana uku ana haka. Ga damina a bakin ƙofa, ga irin shukarsa a ɗaki ba rufi, ga maƙwabta sun baje a inuwa suna cin gyaɗa, jira kawai suke ya buɗe baki.

A rana ta huɗu sai ga ƙanwar maƙwabcinsa, malamar makaranta, ta zo ganin gida da madubin hangen taurari, wani abu kamar guntun bututu. Da magariba aka yi layi. Mutumin naka ya kutso gaba, wai bari a gaisa da ɗan gidansa. Ya kafa ido. Ba Tilo. Wasu biyu ya gani kafaɗa da kafaɗa, ɗaya fari ɗaya ruwan ɗorawa, ga kuma wani ɗan mitsitsin ja can a gefe. Ya murje ido, ya sake da na hagu, ya goge gilashin da bakin riga, har ya leƙa ta gaba ko ƙwari ne suka maƙale. Ya ɗago ya dubi sama: ɗaya. Ya sunkuya: uku. Malama ta ce ai dama can uku ne, ɗaure suke da juna. Manyan biyu na kewaya juna kamar 'yan dambe kafin a kai hannu, ƙaramin na zagaya su daga baya-baya, nisa ne ya haɗe haskensu ido ya ɗauka guda ne. Masu ilimin abin ma, in ji ta, suna ɗaya suke ba irin waɗannan, sai su bi kowanne da harafinsa.

"To wanne ne Tilon?" in ji shi. "Wa na yanka wa zakara?"

Ta ce, "Baba, ai su ukun suka cinye."

Ya koma gida yana ƙirga yatsu. In ya ce farin ne nasa, to na kusa da shi ɗan wa? In ya ce duka nasa ne, yaya za a kira mutum uku Tilo? Shekara ashirin yana kafa shaida da tauraro, ashe shaidar ma gayya take yi! Gari na wayewa hadari ya haɗo, yayyafi ya fara sauka a kan buhun iri. Ya nufi wurin maƙwabta, ya tsaya a kansu yana sosa ƙeya, don bai taɓa roƙo ba, bai san ta inda ake farawa ba. Can dai ya ce, "Jama'a, ashe uku ne." Mutum shida suka miƙe suka karkaɗe riguna, kafin ya gama neman takalminsa jinka ta hau ɗaki.

Ka ga abin da ya sa Bahaushe ya ce, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.