Kwalbar Alli

Kwalbar gwajin ta suɓuce daga hannun ɗalibar, ta tarwatse a ƙasa. Malamin kimiyya, da ke leƙe ta taga, ya dafe kai.

Shekara uku yana koyar da ajinsu babu ɗakin gwaji. A allo yake zana kwalabe da alli, ya sa su riƙe iska da yatsu biyu. In wani ya yi sakaci, sai ya ce "tass!" da baki, ya dafe kai: "Ka fasa mana! Maza ka share." Aji ya kwashe da dariya, mai laifi ya durƙusa yana kwashe gilashin da babu shi.

Yau jarrabawa ce, a makarantar da ta ara musu ɗakin gwaji, kuma ɗalibar da ya fi ji da ita ce ta yi ɓarnar. Kunya ta lulluɓe shi. Ashe wasan yara ya yi ta yi da rayuwar 'ya'yan mutane.

Yarinyar ba ta yi kuka ba. Ta ce kowa ya ja baya, ta zuba yashi a kan ruwan da ya malale, ta kwashe gilashin da tsintsiya da kwali, ko taɓawa ba ta yi ba.

Mai sa ido ya ajiye biro. "'Yata, a wane ɗakin gwaji kika koyi wannan?"

Ta nuna malaminta a taga. "Ga shi can a tsaye."