Takardun da Madam Kadidiya Ta Ƙi Karɓa

Madam Kadidiya, sakatariyar makarantar, ta turo takardun da gindin biro kamar mai gudun ƙazanta.

"Hoton ga bai yi ba. Kunnenki bai fito ba."

Zuwan Zahara na uku ke nan wannan ofishi. Ranar farko an ce takardar haihuwarta ba ta da hatimin magajin gari. Ta yi wuni a layi aka buga mata. Rana ta biyu aka ce hatimin ya karkace. Yau kuma hoto.

A bana ta ci bak, jarrabawar gama sakandare, kuma tun tuni ta san abin da take so: kwantabilite, ta zama mai riƙe lissafi a banki. Wannan makaranta mai zaman kanta ita kowa ya sani a ƙauyensu Tabaram, domin safe da yamma rediyo na tallarta: shekara biyu, diflom, sai aiki. Mahaifinta, Malam Muktari, ya riga ya ware shanu biyu cikin ukun da suka rage masa. Da an karɓi takardun, ranar Lahadi zai kai su kasuwar Tawa.

"Madam, ɗiyar alhajin da ta shigo gabana da lulluɓi aka ɗauke ta, kin ko amsa."

"Ubanta na da shago huɗu. Naki fa?"

Zahara ta tattara takardunta.

"Irinku jami'ar gwamnati ta dace da ku, can ba a tsintar mutane. Jibi da azahar suke rufe rajista, ofishi na biyu hannun dama. Tashi, akwai mutane bayanki."

Babu kowa bayanta.

Washegari Malam Muktari ya biyo motar kasuwa da kansa, da rigarsa ta Juma'a. Ya tuɓe takalmi a ƙofar ofishi. Ba a nuna masa kujera ba. Ya roƙi a sada shi da darakta, aka ce darakta ya tafi Yamai. Motar darakta kuwa tana nan a inuwar dogon yaro, direba na goge ta.

"Ɗiyata, mi munka yi miki?"

"Ni ba ɗiyarka ba ce, Malam. Ku fita, kun cika mini ofishi da warin garke."

A hankali ta faɗi hakan, idonta na kan ƙofar ciki, ta ofishin darakta.

Tsohon ya sa takalminsa. Suka fita bakin titi shi da Zahara. Ya ce ko kyauta ake karatu a gidan nan, ɗiyarsa ba za ta sake taka shi ba. Ya tare kabu-kabu biyu.

Ranar Alhamis kafin azahar sunan Zahara ya shiga rajistar jami'a, a ofishi na biyu hannun dama. Ta sa hannu tana kuka. Ta gaya wa mahaifinta cewa har ta mutu ba za ta yafe wa matar nan ba, shi kuma bai ce ta yafe ba.

Da la'asar, can a makarantar, darakta ya fito daga ƙofar ciki ya tsaya gaban Madam Kadidiya.

"Ina yarinyar Tabaram?"

"Takardunta ba su cika ba."

"Ta biyar ke nan da kika kora bana, duka 'yan ƙauye. In aka ƙara guda, ki nemi wani aiki. Kada ki manta wanda ya ɗauke ki sa'ad da kowa ya ƙi ki."

Ba ta manta ba. Shekara tara da suka wuce ita ce ta zo ta ɗaya a wannan makaranta, bayan nata mahaifin ya sayar da gonarsa a Takanamat, kuma sai a banki na huɗu da ta je neman aiki aka samu wanda ya gaya mata gaskiya: gwamnati ba ta taɓa amincewa da diflom ɗin makarantar ba.